Ba A Mayar Wa Inna Dije Kwano Wofi

Kaura Namoda,
ranar Litinin.

Zuwa ga ɗiyata Godiya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya tsare fitarki daga gidan nan, ya kuma sauke ki Jos lafiya. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin garin bai zama miki hujjar fashin addu'ar safe ba. Babanki yana gaishe ki. Yayanki Bitrus da matarsa suna gaishe ki. Matan zumunta sun sa ki a addu'a ranar Talata, sun ce in faɗa miki. Ubangiji ya tsare ki a aji, a ɗakin kwana, da kan hanya.

Ba labarin gida na zauna rubuta miki ba. Gero ya yi kyau, kowa lafiya, wannan ya ishe ki.

Ki fara da sanin cewa ina murna da ke. Ranar da takardar ɗaukarki makarantar ungozoma ta iso, kina kasuwa, ba ki ga abin da na gani ba. Babanki, dattijon ikilisiya da furfurarsa, ya taka rawa a tsakar gida da takalmi ɗaya a ƙafa, har kaji suka watse. Na ce masa ya ji kunya, ya ce kunya ta jira shi sai gobe. Ni ban yi rawa ba, kin san ni, amma na shiga ɗaki na durƙusa na daɗe ban tashi ba.

Matar fasto za ta miƙa miki wasiƙar nan tare da wani ƙunshi. Kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshen karatu. Na san halinki da ɗoki, to ki danne.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin bar garin nan kin yi sallama da kowa, har mai sayar mana da kananzir kin tsaya kin yi masa ban kwana, amma ba ki taka gidan Inna Dije ba, matar da katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da biyar. Ina kallonki, na yi shiru don kada ki shiga mota da faɗana a kunnenki. Yanzu kin sauka kin huta, sai ki saurara.

Kin san yadda abin ya faro, amma bari in faɗa miki yadda ni na gan shi. Bayan da aka hana masu kabu-kabu ɗaukar mata, kin fito kasuwa da tiya biyar ta gero a ka, rana ta take. Bello ɗan Inna Dije, wanda ya shekara uku yana kai ki sakandare a bayan babur ɗinsa ko kwabo bai taɓa karɓa ba, ya zo ya wuce ki. Kin ɗaga masa hannu, ya kawar da kai. Kin iso jiƙe da gumi, tsohuwa tana zaune a ƙofar gidanta, ta ce miki cikin wasan da kuka saba, "Lamina, ina kinka baro jakin naki?" Ke kuwa kika ce, "Kada ki ƙara ce mini Lami. Sunana Godiya. Ni ba 'yarku ba ce, ku je can da shari'arku." Ina bayan ƙofa, duk na ji. Da la'asar Bello ya zo ya durƙusa gaban babanki, ya ce tsoro ya ji, in aka kama shi babur ɗin zai tafi, kuma da shi yake ciyar da gidansu tun rasuwar mahaifinsa. Aka kira ki, kika ƙi fitowa. Daga ranar har kika tafi, wata biyar, ba ki ƙara gaishe ta ba.

Ban ce ba a ɓata miki ba. An ɓata miki. Dokar ta matsa mana, ni ma da ƙafa nake zuwa majami'a yanzu, gwiwata ce shaida. Amma akwai abin da ba ki sani ba game da wannan tsohuwa, kuma laifina ne da ba ki sani ba, domin in zan ba ki labarin dole in tona kaina. To, yau zan tona.

Na zo Kaura ina amarya, a jirgin ƙasa, tun nan tana ƙarƙashin Sakkwato. An turo babanki aikin malamin asibiti. Na sauka da akwati biyu da takardar gama sakandare, wadda na sa a gilashi na rataye daidai inda duk mai shigowa zai gani. A raina Allah ya aiko ni ne in waye wa mutanen unguwa kai. Kwanana uku, sai ga wata mata da ƙwaryar fura ta zo yi mini barka da zuwa. Na karɓa a tsaye, ko tabarma ban shimfiɗa mata ba. Ita ce Dije. Ba ta yi fushi ba. Bayan kwana biyu ta ji ƙaurin tuwona ya cika unguwa, ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Malama, cikin takardun naku ba a rubuta yadda ake tuƙa tuwon gero ba?" Na ji kamar in nutse. Da maraice ta shigo da muciyarta ta koya mini. Tuwon da kike yabo kina cewa ba na kowa sai na Mama, nata ne.

Don haka ki kiyaye. A makarantar nan za a ba ki farar riga da agogon maƙalawa a ƙirji, za ki ji kanki ya kumbura. Ki gaida masu shara. Ki gaida tsofaffin da ke rako masu naƙuda daga ƙauye, ko da sun zo da ƙafa duk taɓo. Wasunsu sun karɓi haihuwa fiye da adadin shafukan da za ki haddace. Girman kai rawanin tsiya ne, ni na naɗa shi, na san nauyinsa.

Wannan ƙaramin laifi ne. Ga babban.

Kin tashi kin tarar kowane jajibirin Kirsimeti Musulmi ake kira ya yanka mana akuya, don maƙwabta su ci da zuciya ɗaya. A wancan lokaci Malam Ummaru, mijin Dije, mai awon hatsi a kasuwa, shi ne mai wuƙa. Ya yanka, a ba shi wuya kamar yadda aka saba. Washegari in zuba shinkafa da nama a wani farin kwano mai jan fure, na cikin kayan aurena, in kai musu. Kwanon ba ya dawowa haka nan. Ko fura, ko ƙuli-ƙuli, ko daddawa, sai an sa wani abu a ciki. In layya ta zo su ma su aiko mana namu, mu mayar da kwanonsu da abin da ya samu. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma kowa ya san ta.

Kirsimetinmu na uku, Malam Ummaru ya tafi Zurmi ta'aziyya, ya ce kafin azahar ya dawo. Babanki yana wurin aiki. Ni kuwa na gayyaci fasto da matan zumunta, ina so a ga bajintata. Hantsi ya wuce, akuya tana ɗaure tana kallona. Zuciya ta ce mini, shin mu ba mu da hannu ne, sai mun jira wani? Na aika aka kira Baba Yakubu mai gadin majami'a, ya yanka, ya ɗauki wuya ya tafi. Har nan ban yi zunubi ba. Akuyarmu ce. Da na ci abina na aika musu da cincin da lemo, da ba abin da ya faru.

Amma ina so a yabe ni ta ko'ina. Ranar Kirsimeti na cika kwano na shiga da kaina. Dije ta karɓa tana murna, sai ta tsaya ta ce, "Malam sai magariba yak komo jiya. Wa yay yanka maku?"

Na ce, "Ladanin masallacin tasha."

Ta ce, "Madalla." Ta kira 'ya'yanta ta raba musu a gabana, ta ɗibar wa Malam nasa ta rufe.

Godiya, ko ƙiftawa ban yi ba. Ni da nake tsayawa gaban mata ina karanta musu Maganar Allah saboda na fi su iya karatu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sati bai cika ba Baba Yakubu ya je sayen gero wurin Malam Ummaru, ya ce masa cikin raha, shi bai san komai ba, "Malam, bana na gaje ka. Wuyan akuyar gidan Iliya kwana biyu muna cinsa." Malam ya auna masa geronsa, har da gyara. Da safe na fito shara, na ga kwanona a kan katanga, an wanke shi tas, an kife. Na ɗaga. Babu komai. Na sha zagi a rayuwata, amma ban taɓa jin wanda ya kai wannan kwano zafi ba.

Ki riƙe wannan. Abin da wani ya ɗauka tsarki ne a wurinsa, ba ki da ikon yi masa wayo a kai, ko da ke kina ganin ba komai ba ne. A aikinki mata za su tambaye ki, "Me ke cikin allurar nan? Me aka yi mini ina kwance?" Ki faɗi gaskiya. Mutumin da ya karɓi abu daga hannunki ya sa a bakinsa, ya ba ki amanar da ta fi kuɗi.

Da babanki ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Saratu, ɗauki mayafinki ki shiga ki ba su haƙuri. Taku goma ne." Na ce ai nama nama ne, su ne da tsanani. Na ce yana goyon bayan bare a kan matarsa. Na ɗaura gaba da shi kwana tara. In ajiye masa abinci in juya ba magana. Shi kuwa sai ya buɗe kwano ya ce da ƙarfi, "Tuwo, in ka koma ka gaishe mini da mai tuƙa ka, ka ce mata gishiri ya yi daidai." A rana ta tara dariya ta ƙwace mini, gaba ta mutu. Shi ya je wurin Malam da kansa. Malam ya ce masa, "Iliya, ba naman na ba. Malamai ma sun yi saɓani bisa yankanku. An tambaye ta, tay yi ƙarya, munka ci. Shi ke nan abin da ad da ciwo." Maza suka shirya. Ni dai na ce ba inda zan je.

In Allah ya ba ki miji, kuma ba yanzu ba, sai kin gama karatu, ki ji ni da kyau, ki nemi wanda zai iya ce miki kin yi kuskure ba tare da ya wulaƙanta ki ba. Wanda ke yaba miki komai ba ƙaunarki yake ba, tsoron bakinki yake, ko kuma yana neman wani abu. Kuma kada ki koyi gaba. Na gwada, ba ta da riba, mai yinta ne ke kwana da yunwar magana.

Kirsimeti ya zagayo. Malam Ummaru ya zo da wuƙarsa ya yanka kamar ba abin da ya faru. Na ce to, magana ta wuce ba sai na durƙusa ba. Na cika kwano na aika. Ya dawo a cike, ko murfin ba a ɗaga ba, da saƙo, "Mun gode, mun ƙoshi." Amma da layya ta zo, sai ga cinyar rago a kan katanga. Ita tana ba ni haƙƙina na maƙwabtaka, ba ta dai cin abin hannuna. Haka muka zauna shekara ɗaya da wata takwas. Ina jin dakanta, tana jin waƙata. Duk wannan lokaci ina cin jibin Ubangiji, ina riƙe da littafin zumuntar mata, ina yi wa 'yan mata faɗa a kan tsawon siket. Na ɗauka tunda an yi mini baftisma, ba na fashin sujada, kuma ina ba da zakka, to ni da Allah mun daidaita. Ban san ina tafe da mushe a cikin zane ba.

Sai cikinki ya tsufa. Wata Alhamis cikin damina, saura sati uku a lissafin babanki, ya tafi kasuwar Shinkafi sayen ragon suna, wai can ya fi sauƙi. Bitrus yana ƙauye wurin kakarku. An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk santsi. Da hantsi na ɗauko bokiti daga rijiya, ƙafata ta zame, na faɗi a kan kwiɓi. Da na yunƙura sai na ga jini.

Ina jin taɓaryar Dije a bayan katanga. Taku goma. Kin san abin da uwarki ta yi? Na cusa bakin zane a baki na cije, don kada ta ji ni. Har a bakin mutuwa ban sauke rawanin ba. Sai da ciwo ya kai inda ya kai, zanen ya faɗi, na ji muryata tana cewa, "Yesu, ka cece ni." Ba ita na kira ba. Shi na kira.

Daka ya tsaya. Can sai ga kanta a saman katanga. Ashe turmin ta kife ta taka. Matar da ba ta fita da rana sai da iznin mijinta, ta haura katanga kamar ɓarawon kaji, ta diro zanenta ya yage. Ta dube ni ta ce, "Ke Malama, mutuwa za ki yi da girman kai?" Ta ciccibe ni ta kai ɗaki, ni da na fi ta jiki.

Kafin azahar kika fito. Ba ki yi kuka ba. Cibiya ta naɗe miki wuya, jikinki kamar toka. Na ga fuskar Dije, na san abin da take gani. Ta warware cibiyar, ta sa yatsa ta share miki baki, ta hura miki iska, ta murza bayanki. Shiru. Ta waiga, idonta ya faɗa kan kwanukan da ke jere, ta fizgo farin kwanon nan mai jan fure, ta ɗauki ludayin ƙarfe ta yi ta buga shi a kusa da kunnenki tana cewa, "Tashi, baƙuwa. Ba a zuwa gidan mutane a yi shiru. Yi sallama." Sai kika yi atishawa. Sai kika buɗe baki kika tsala kukan da har yau ban ji waƙar da ta kai shi daɗi ba, ko ta mawaƙan Ista.

Malamanki za su ce miki buga kwano ba magani ba ne. Ki bi abin da suka koya miki, sun fi ni sani. Ni abin da na gani nake faɗa.

Babanki ya iso da la'asar, taɓo har gwiwa, yana jan rago. Ya ji kukan jariri, ya saki igiya. Ragon ya bi titi ya nufi tasha, rabin unguwa suka bi shi da gudu, Malam Ummaru a gaba da babbar riga. Shi ya sa har yau in aka yi maganar haihuwarki babanki ke cewa rago ya riga shi rawa. Mu muka sa miki Godiya. Dije ta ce ranar Alhamis kika zo, ita Lami ta sani. Sunan da kika hana ta kira, a hannunta kika samo shi tun ba a yanke miki cibiya ba.

Uwata tana nesa, hanya ta lalace. Dije ce ta yi mini wankan jego, safe da yamma, kwana arba'in. Ita ke dafa ruwan, ita ke dama kunun kanwa. Ba ta taɓa ɗauko maganar akuya ba. A rana ta shida, tana tsaye da ganye a hannu, na kama ƙafarta na ce, "Yaya Dije, na yi miki ƙarya. Ba ladan ba ne, Baba Yakubu ne. Na sani kuma na faɗa. Ki yafe mini." Ta ce, "Sai yanzu kinka gama karatun?" Ina kuka tana dariya. Ta ce, "Na yafe tun sa'ad da nij ji kukan ɗiyar ga. Amma gwamma da kinka hwaɗa da bakinki, don yanzu ni iya cin tuwonki. Juya in zuba maki ruwa kahin shi huce." Ranar suna ta ci, ta ƙara. Da za ta tafi ta ɗauki kwanon ta ce haƙƙin ungozoma ne, ya zama nata. Tun daga ranar nata ne, yana dai zuwa yana komawa.

A kan tabarmar jegon nan na fahimci ceto, ba a aji ba. Na haddace tun ina yarinya cewa da alheri aka cece mu, ba don ayyukanmu ba, na ci jarrabawa a kai. Amma ban san ma'anarsa ba sai da matar da na cuta ta haura katanga ta zo gare ni, ban kira ta ba, ban ba ta haƙuri ba, ina kwance cikin jinina ba ni da abin biya. Na ce, ashe haka Ubangiji Yesu ya yi mini. Bai jira na gyaru ba. Shi ya ƙetaro, tun ina cije da zane ina ƙin kiransa. Kada ki juya maganata. Ban ce Dije ce mai cetona ba. Mai Ceto ɗaya ne, shi ya mutu domin zunubina ya tashi, a kan wannan zan mutu, ita ma ta san haka na gaskata, ni ma na san abin da ta gaskata, ba mu ɓoye wa juna. Amma na kira shi, kuma da hannunta ya amsa. Allah ba ya neman shawararmu a kan wanda zai aiko. Ki yi addu'a kullum, sannan ki buɗe ido, don amsar takan zo ta ƙofar da kika rufe.

Saura kuskure ɗaya, kuma sabo ne. Tun da aka fara maganar shari'a tsoro ya kama ni. Wasu 'yan ikilisiya sun kwashe kaya sun tafi, kujerunsu suna nan wayam ranar Lahadi. Ni ma na ɗaure akwati sau biyu, babanki yana kwancewa, yana cewa Allahn da ya kawo mu bai yi ritaya ba. A tsakar gida na yi ta magana. "Mutanen nan" kaza, "mutanen nan" kaza, ina tankaɗe ina yi, ina wanki ina yi, kina gefe kina ji. Ban taɓa ware kowa ba, ban ce ban da gidan Malam Ummaru ba, ban da matan da suka zo mana gaisuwa ranar da kakarku ta rasu ba. Maganar da kika jefi tsohuwa da ita, a bakina kika tsince ta. Na roƙi Ubangiji gafara, na roƙi Dije, yanzu ke nake roƙo. Ki yafe wa uwarki. Wata rana za ki yi 'ya'ya, ki tuna kunnensu ba ya rufuwa don kin juya baya.

A can za su ji kin fito daga Zamfara, za su kewaye ki. Wasu za su yi mamakin Bahaushiya Kirista, kamar sun ga raƙumi a majami'a. Za su so ki ba su labari mai zafi. Ki faɗi wahalarmu yadda take, kada ki rage, gama akwai ta. Amma kada ki ƙara gishiri don a ji tausayinki, kada kuma ki sayar da maƙwabtanki don ki sami ƙawaye. In kin ba da labarin babur, ki ba da na katanga. Ki nemi majami'a ki tsaya a guda ɗaya, ba yawon bin masu mu'ujiza ba. Ki shiga mawaƙa, muryarki ba taki ba ce. Saurayin da ya ce zai raka ki ɗaki don ku yi addu'a tare, ki ce masa majami'a tana da ƙofa.

To, yanzu ki kwance ƙunshin.

Kin gan shi, farin kwanon nan ne. Furen ya kusa gogewa, ga lotsawar ludayi nan a gefe, ki shafa ki ji. Washegarin tafiyarki Dije ta shigo da shi, tana lalube da sanda, don yanar idonta ta ƙaru. Dambun nama ne a ciki, kwana biyu tana yinsa da matar Bello, tun ba ta san ba za ki shigo ba. Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara ba ta haƙuri, ta ce, "Bari, Malama. Ƙuruciya ta, ga zahin rana, ga kaya bisa kai. Ke ma shekara nawa kinka kwashe?" Ta ce in faɗa miki ki yi karatu da kyau, in kin gama ki zo ki koya mata aikin, tunda ita ta yi nata babu takarda.

Kin san dokar. Kwanon ba nawa ba ne, ba naki ba ne, kuma ba ya komawa wofi. Bana Kirsimeti zai faɗo cikin azuminsu, sallarsu tana biye da tamu da 'yan kwanaki, unguwa za ta yi daɗi. Bello ya riga ya ce shi zai yanka, babanki ya ce to, amma wuyan sai ya zo da ƙafa ya karɓa, ba a kan babur ba, suka yi ta dariya. Ki taho da kwanon. Ke za ki dafa, ke za ki zuba, ke za ki kai mata dab da shan ruwa. Ba ni ba, ba matar Bitrus ba. Ki durƙusa ki faɗa da bakinki. Ni na yi shekara ɗaya da wata takwas, kuma Allah ya yi mini jinƙai ta jira ni. A lokacin tana da ƙarfin haura katanga. Yanzu ba ta da shi, kuma ban san watanni nawa aka ba ta ba. Kafin hutun ma, ki rubuto mata layi biyu ta hannun matar fasto, Bello zai karanta mata.

Ubangiji ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin zuciya. Ya ba ki basira a karatu, ya sa albarka a hannuwanki, duk jaririn da zai faɗo cikinsu ya yi kuka. Ya tsare garin da kike da garin da kika baro, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya dawo mana da ke muna raye muna murna. A cikin sunan Yesu, amin.

Ranar da Dije ta kawo kwanon, da ta kai ƙofa za ta fita ta juyo ta ce, "Hwaɗa mata, Lami ko Godiya, ta zaɓi wanda taka so. Ni dai in na kira, ta amsa."

Ki ci dambun, kada ki ɓoye har ya lalace, ki ba 'yan ɗakinku. Ki wanke kwanon, amma kada ki kife shi.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu Iliya.